Yadda zaka gano dalilin da yasa garinku ya faɗo Najeriya, na kawunka kuma ya faɗa Nijar

Kawuna har yau in ya kira ni a waya abun da yake fara cewa shi ne "ya mutanen Ingilishi?" ni kuma in ce masa "ya mutanen Faransi, Kawu?" sai mu yi dariya, alhali shi da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, kuma tsakanin ƙauyenmu a wajen Jibiya da nasu a wajen Maraɗi ko awa biyu ba a yi a mashin. Da aka rufe boda a 2023 bayan juyin mulkin Nijar na yi watanni ban taka can ba, toh a zaman nan ne na fara tonon yadda akai layin nan ya bi ta tsakaninmu, me yasa bai bi ta arewa da su ba ko ta kudu da mu. Abun da na gano ya ban mamaki, dan haka nace bari in rubuta hanyar da na bi ko wani zai so ya yi wa garinsu irin wannan binciken, musamman ku na Illela da Kwanni, Kamba da Gaya, Maigatari, Kongolam, har da mutanen Mubi da Gwoza da tasu ƙurar ta daban ce.

Kayan aikin ba su da yawa. Littafin rubutu na 'yan makaranta, waya mai caji da wurin ajiyar murya, taswira (ta Google Maps ma ta isa), sai ɗan goro ko sukari da sabulu na gaisuwa. Sauran haƙuri ne.

Ka fara da tsofaffi, kar ka fara da intanet. Su tsofaffin suna tafiya, takardu kuma suna nan zasu jira ka. Amma akwai yadda ake tambaya. In ka je ka ce "Baba yaushe aka yi boda?" zai ce maka tun zamanin nasara, shi kenan magana ta ƙare. Ka tambaye shi abun da ya ji a bakin kakansa: kafin zuwan nasara wane sarki garin nan yake kai wa gaisuwa, in an ji ƙugen yaƙi ina ake gudu, daga wace kusurwa mahara suke fitowa, wace kasuwa ake ci, wace rijiya ayari yake sauka. Sannan ka gangaro, wa ya fara karɓar haraji da jangali, Di'on Ingila ne ko kumandan na Faransa, an taɓa kwasar mutanen garin aikin tilas, akwai gidan da suka taso daga ƙetare suka dawo nan saboda gudun haraji ko aikin. Wannan tambayar ta ƙarshe tana buɗe baki sosai, dan ƙauyuka da yawa a gefen Najeriya sun cika ne da waɗanda suka gudo wa aikin tilas na Faransa, wanda ba a soke shi ba sai 1946.

Shekaru kuma kar ka nema da lamba, ka nema da abun da ya faru. In tsoho ya ce an haifi babansa shekarar yunwar Kakalaba toh ka san 1913 zuwa 1914 ake nufi. In ya ce bayan an daina aikin tilas, bayan 1946 kenan. Canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1973, yunwar da mutanen Nijar suka raɗa wa sunan Buhari saboda rufe boda kuma 1984 zuwa 1985. Da irin waɗannan turakun zaka ɗaure labarin. Kuma dan Allah ka shiga cikin gida wajen tsofaffin mata, su ne suka san wa aka auro daga ina, kuma auratayya ita ke nuna maka inda zumuncin gari ya fuskanta tun kafin a kafa tuta.

Kuskure ɗaya na yi da ba na so ka maimaita. Wani dattijo yana ba ni labari ya haɗa zuwan Faransawa da wani yaƙi da na san ya riga shi da shekaru, sai na yi karambani nace "Baba ai a littafi ba haka aka rubuta ba". Ya kalle ni ya ce toh tunda littafi ya faɗa maka me ka zo nema, ya jawo butarsa ya tashi alwala. Sai da na yi zuwa biyu kafin ya sake sakin jiki da ni. Rubuta abun da aka faɗa maka yadda aka faɗa, gyara a gida ake yi.

In ka samu amsar "wa ake kai wa gaisuwa", yanzu ka ajiye taswirar yau gefe ka zana ta kafin 1900 da hannunka. Anan ne zaka ga cewa maganar da muke yawan yi, wai da duk ƙasa ɗaya muke turawa suka raba mu, rabinta ne gaskiya. Bayan jihadi sarakunan Haɓe na Katsina sun fita sun kafa zama a Maraɗi wajen 1819, shi yasa har gobe sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa, Gobirawa suka kafa Tsibiri dab da su, kuma shekara da shekaru ana kai wa juna hari tsakaninsu da ƙasashen da ke ƙarƙashin Sakkwato, sunan Ɗan Baskore ma kaɗai ya isa ya tada tsohon labari a Katsina. Damagaram ita ma ba ta taɓa zama ƙarƙashin Sakkwato ba, alaƙarta da Barno ce, kuma ta kawo yaƙi har ƙasar Kano. Daura ta rabu, ga Fulani a birni ga zuriyar tsohon gidan sarauta a Zango da Baure. Wato akwai iyaka tun da, sai dai iyaka ce ta daji da ganuwa mai matsawa gaba da baya, fatake da malamai da makiyaya suna ratsa ta, ba layi ba ce mai shinge da jami'i. Ka gano garinku a wane gefe yake a wancan rikicin, dan turawan sun yi amfani da shi wajen cinikinsu.

Sai wajen da yafi daɗi, yarjejeniyoyin. Mutane suna son cewa "a Balin aka raba mu", amma taron Balin na 1884 zuwa 1885 ƙa'idojin wawaso ya shimfiɗa, bai ja layin Jibiya ba. Layinmu sau huɗu aka taɓa shi, kuma sai ka jera su ɗaya bayan ɗaya zaka ga abun.

Na farko 1890, Ingila da Faransa suka ce a ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Cadi, a karkata shi yadda duk abun da yake na daular Sakkwato zai faɗa hannun kamfanin Ingila. Matsalar ita ce a cikinsu ba wanda ya san inda ƙasar Sakkwato ta tsaya. Firaministan Ingila na lokacin, Salisbury, da bakinsa ya yi barkwanci cewa suna ta yi wa juna kyautar duwatsu da koguna da tafkuna ba tare da sun san inda suke ba.

Na biyu, watan Yuni 1898, shi ne wanda nake so ka yi da hannunka. Suka ce a kafa tsinin kamfas a tsakiyar birnin Sakkwato a zagaya da mil 100, abun da ke cikin da'irar ta arewa na Ingila ne, daga nan layi ya bi gabas. Buɗe Google Maps, danna kan Sakkwato ka riƙe, zaɓi auna nisa, ka ja zuwa garinku ko garin kawunka, in bai kai kilomita 161 ba toh a 1898 a takarda ƙasar Ingila ne. Gwada Birnin Kwanni, gwada Madawa, gwada Dogon Dutsi, duk suna ciki. Maraɗi da Tsibiri ba su cikin da'irar amma su ma layin ta arewa da su ya bi, wato a takarda na Ingila ne. Ranar da na auna wannan na kira Kawu nace Kawu ashe saura ƙiris ku zama 'yan jihar Katsina, ya ce Allah ya kiyashe su da wutar NEPA.

Toh me ya canza? Ruwa. Faransawa sun karɓi rabonsu sai suka tarar in zasu tashi daga bakin Kwara zuwa Damagaram da Cadi dole su zagaya ta bayan da'irar nan ta cikin ƙasar da ba rijiyoyi, raƙuma da mutane suna wahala, ayarin sojansu ba ya iya wucewa cikin rani sai da izinin Ingila. Suka yi ta naci a sake layi. Ingila ba ta ba su a banza ba. Na uku kenan, a watan Afrilu 1904 ƙasashen biyu suka yi babban sulhu kan rigingimunsu na duniya, Masar da Maroko da sauransu, a ciki Faransa ta saki wani tsohon haƙƙin kamun kifi da shanya shi da take da shi a gaɓar Newfoundland can gefen Kanada, ita kuma aka biya ta da 'yan tsibiran Los kusa da Konakiri, da wani wuri a kogin Gambiya, da kuma matso da layinmu kudu dan ta samu hanya mai ruwa. A cikin takardar har an rubuta cewa mutanen ƙasar Tasawa da Maraɗi da na Damagaram a bar wa Faransa su iya yadda zai yiwu. Kaga kenan tsohuwar gabar Maraɗi da Katsina ta shiga, rijiyoyi sun shiga, kifin wani teku mai ƙanƙara da kakanninmu ba su taɓa jin sunansa ba shi ma ya shiga. Na huɗu a 1906 aka ƙara gyara, sannan aka turo tawaga, Tilho ta ɓangaren Faransa da O'Shee ta ɓangaren Ingila, suka bi ƙasa daga 1906 zuwa 1908 suna kafa alamomi 148 daga Kwara zuwa Cadi, aka sa hannu na ƙarshe a 1910. Layin nan kusan kilomita 1,500 ne.

Nasan wani zai ce malam duk wannan ƙaddara ce, kuma an hana mu yawan cewa "da an yi kaza da kaza ya faru". Haka ne, ni ma ban ce ka zauna kana cizon yatsa ba. Amma ƙaddara da sanadi take zuwa, kuma sanadin kake nema. A kowace gaɓa ka rubuta abu uku a littafinka: su wa suka yanke, me suke nema a ranar, wace hanya ce kuma ta biyu da take kan tebur aka bari. In babu hanya ta biyu da wani ya taɓa kawowa a lokacin, kar ka ƙirƙiro ta, nan ne mutane suke zamewa su koma tatsuniya.

Bayan takarda sai bindiga, dan layi a takarda bai zama mulki ba sai da soja ya iso. Ka bincika wa ya fara isowa garinku kuma ta yaya. Ta arewa ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ne a 1899, waɗanda suka yi faɗa da Sarauniya Mangu a Lugu suka yi kisan gilla a Birnin Kwanni, kuma ka lura, Kwanni a lokacin a takarda rabon Ingila ce, ba su damu ba. Su biyun sojojinsu ne suka kashe su a watan Yuli na shekarar, ragowar ayarin ya ci Damagaram. Ta kudu kuma baturen Ingila Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900, aka ci Kano a Fabrairu 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas da ɗimbin jama'a aka cim masa a Burmi a watan Yuli. In a gidanku ana cewa akwai dangi a Sudan da suka "bi Sarkin Musulmi", kar ka ɗauka almara ce, ɗansa Mai Wurno ya wuce da sauran mutane har bakin kogin Nilu, garin da suka kafa kusa da Sennar har yau sunansa yake amsawa.

Haɗewar Arewa da Kudu ta 1914 ba zan daɗe a kanta ba tunda kowa ya haddace ta a firamare. Abun da zaka riƙe kawai shi ne lissafin kuɗi ne ya jawo ta, gwamnatin Arewa ba ta iya riƙe kanta sai da tallafi daga baitulmalin Ingila, Kudu kuma tana da kuɗin kwastan na tashar jiragen ruwa, ga layin dogo ya riga ya iso Kano tun 1911. Sunan Najeriya ma wata 'yar jaridar Ingila Flora Shaw ce ta ba da shawararsa a jarida a 1897.

In garinku a gabas yake, Mubi, Gwoza, Bama, Dikwa, Ganye, Mambila, toh naka binciken yafi sauƙi ta wani gefen dan masu shaida suna da rai. Waɗannan wuraren Jamus ce ta fara riƙe su cikin Kamaru, ita ce aka raba Adamawa da ita aka bar Yola a hannun Ingila, Garwa da Marwa da Ngaundere suka tafi can. Jamus ta sha kashi a yaƙin duniya na farko sai aka ba Ingila riƙon wannan zirin. A Nuwamba 1959 aka yi ƙuri'ar raba gardama, a shiga Najeriya ko a jinkirta magana, mafi yawa suka ce a jinkirta, abun da ya girgiza gwamnatin Kaduna. Aka yi gyare-gyaren mulkin En'e da mutane ke kuka da shi, aka yi kamfe sosai, a Fabrairu 1961 aka sake, 146,296 suka zaɓi Najeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru, ranar 1 ga Yuni yankin ya shigo aka sa masa Lardin Sardauna. Mutanen ɗaya ɓangaren da Ingila take riƙe da shi a can kudu kuma su Kamaru suka zaɓa. Ka nemi wanda ya kai shekara tamanin da 'yan kai ka tambaye shi wane akwati gidansu suka jefa, me aka ce musu, wa ya zo kamfe. A ƙuri'ar 1961 har mata sun jefa, a lokacin da matan Arewa ba su da wannan damar a zaɓen Najeriya, dan haka kar ka tsallake kaka.

Lokacin neman 'yancin kai shi ma akwai mararraba da yawa da littafin makaranta yake wucewa da gudu. A 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba da mulkin kai a 1956, wakilan Arewa ƙarƙashin Sardauna suka ce sai dai lokacin da ya dace, aka yi musu ihu a Ikko, rikici ya ɓarke a Kano a watan Mayu, majalisun Arewa suka fito da buƙatu takwas da in da an bi su da ƙasar ta zama kusan ƙasashe masu haɗin kwastan da tsaro kawai. Tsarin tarayya na 1954 daga wannan rigimar ya fito. A Nijar kuma ranar 28 ga Satumba 1958 aka yi ƙuri'ar raba gardama da De Gaulle na Faransa ya kira, a zauna tare da Faransa ko a'a, Djibo Bakary da jam'iyyarsa Sawaba suka ce a'a a ba su 'yanci nan take kamar yadda Gini ta yi, Faransa ta turo sabon gwamna ta haɗa kai da sarakuna, "i" ta ci da kusan kashi 78 cikin ɗari kuma waɗanda suka fito ko rabin masu rajista ba su kai ba. Diori Hamani ya hau, aka haramta Sawaba, da yawa cikin 'yan jam'iyyar suka tsallako Kano wajen abokansu 'yan NEPU. Nijar ta samu 'yanci 3 ga Agusta 1960, Najeriya 1 ga Oktoba, kuma a 1964 shugabannin Afirka suka zauna a Alƙahira suka amince kowa ya riƙe iyakar da ya gada. Tun daga ranar layin Tilho ya tashi daga na nasara ya zama namu, mu muke gadinsa.

Yanzu ka shirya zuwa wajen takardu. A Kaduna akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa da kuma Arewa House, a Sakkwato akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, a Kano akwai Gidan Ɗan Hausa, a Yamai akwai gidan takardun ƙasa da cibiyar bincike ta IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni. Kar ka je ka ce ina son tarihin garinmu, zasu kalle ka ne kawai. Ka je da sunan lardi da sunan gunduma da sunan hakimin lokacin, ka nemi rahoton ƙididdigar haraji na gundumar da littafin da Di'o yake rubuta bayanan gunduma, a ciki ake samun jerin ƙauyuka, asalin masu gari, adadin rijiyoyi da shanu, wani lokacin har ƙorafin cewa mutane kaza sun tsallako daga ƙasar Faransi. Sunan garinku ka gwada shi da rubutu kala-kala dan bature yadda kunnensa ya ji yake rubutawa, Bafaranshe kuma in zai rubuta "u" sai ya sa "ou", Tasawa ta koma Tessaoua, Dogon Dutsi ta koma Dogondoutchi. Rahoton tawagar Tilho da taswirorinta an buga su, ana samu a shafin Gallica na ɗakin karatun Faransa kyauta, in ba ka jin Faransanci ka nemi ɗan lakwal, wato ɗan bokon Faransanci, cikin 'yan uwanka na ƙetare ku zauna tare. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara a 1939, su ma suna da amfani kan shekarun siyasa. Ka tafi da takardar gabatarwa daga makaranta ko hakimi, ka tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto kafin ka ɗaga waya.

Kuma ka karanta takardun nan da ido biyu. Wanda ya rubuta haraji yake nema, wanda ya ba shi labari tafinta ne ko ɗan sarki da yake da tasa buƙatar, talaka kuma yana ɓoye shanunsa da 'ya'yansa. In takarda ta saɓa da abun da Baba ya faɗa maka ka rubuta duka biyun gefe da gefe, ka sa wa ya faɗa da yaushe.

Abu na ƙarshe, in yanayin tsaro ya bari, ka je ka ga alamar da idonka. Kar ka tafi kai kaɗai kuma kar ka je kana ɗaukar hoto kusa da shingen jami'ai, ka fara gaida mai gari ya haɗa ka da wanda gonarsa take wajen. A wasu wuraren tsofaffi tangaraho suke ce wa turakun ƙarfen saboda kamarsu da sandunan wayar tangaraho, dan haka in ka ce "alamar iyaka" ba a gane ba ka gwada wannan sunan. Wanda aka kai ni na gani a tsakiyar gonar gero yake, ya ɗan karkace, mai gonar ya ce kunya goma sha biyu na gonarsa suna Nijar sauran suna Najeriya, kuma da damina a jikinsa yake ɗaure akuyarsa.